DIL DHADAKNE DO: Attajiri ya tara 'ya'yansa a jirgin ruwa, asirin gida ya tonu a tsakiyar teku

IDAN aka ce da mai kallon finafinan Indiya ya lissafo waɗanda suka taɓo rikicin iyaye da 'ya'ya, da wuya ya kai na uku bai ambaci Baghban ba. Wannan fim na 2003 ya sa mutane da yawa zubar da hawaye, saboda yadda 'ya'ya maza huɗu suka raba Amitabh Bachchan da Hema Malini bayan tsufa ya zo masu, wannan ya ɗauki uba, wancan ya ɗauki uwa, kamar ana rabon kayan gado. Kafin shi an yi Kabhi Khushi Kabhie Gham a 2001, inda uba ya kori ɗansa saboda ya auri wadda ba a zaɓa masa ba, aka shafe shekaru kafin a shirya. Kusan duk irin waɗannan finafinai hanya ɗaya suke bi, wato a ƙarshe ɗa ne zai durƙusa ya nemi gafara, ko da kuwa uban ma yana da nasa laifin.

To, a ranar 5 ga Yuni, 2015 sai ga wani fim ya fito da ya juya al'amarin. Sunansa Dil Dhadakne Do, ma'ana "bar zuciya ta buga". A cikinsa iyaye ne aka ɗora a kan sikeli. Wani hamshaƙin attajiri da matarsa sun gayyaci 'ya'yansu biyu, waɗanda duk sun mallaki hankalin kansu, hutun kwana 10 a cikin jirgin ruwa a Bahar Rum. Niyyarsu a ci, a sha, a yi hotuna, duniya ta ga gidansu lafiya lau yake. Abin da suka manta shi ne, yaran da suka gayyata sun daina zama yara, kuma a cikin jirgin ruwa babu inda mutum zai yi fushi ya tafi.

KATIN GAYYATA

Mai gidan shi ne Kamal Mehra, rol ɗin da Anil Kapoor ya hau. Mutumin Delhi ne, mai kamfanin da ake kira Ayka, irin masu kuɗin nan da ba sa gajiya da ba mutane labarin yadda suka tashi ba su da ko sisi. Matarsa Neelam, wato Shefali Shah, tana cikin manyan matan gari masu haɗuwa a ci abinci a yi gulmar wadda ba ta zo ba. Sun cika shekara 30 da aure, don haka suka shirya gagarumin biki a jirgin shaƙatawa, suka gayyaci dangi da abokan arziki, duk a aljihun mai gida.

Sai dai akwai abin da baƙin ba su sani ba. Kamfanin Kamal ya kama hanyar durƙushewa, kuɗin da ake ta watsarwa ma na rufin asiri ne. Auren da ake wa biki kuwa ya daɗe da zama hoto. A gaban mutane su riƙe hannu suna murmushi, da an rufo ƙofar ɗaki sai baƙar magana, ko kuma shiru kamar an yi mutuwa.

Tun kafin a shiga jirgi aka fara saɓawa, a kan katin gayyata. Babbar 'yarsu Ayesha, wadda Priyanka Chopra ta fito a matsayinta, ita ce ta tsara tafiyar baki ɗaya, domin sana'arta ce. Tana da kamfanin shirya tafiye-tafiye mai suna Musafir, wanda ta kafa da kuɗin gwala-gwalanta da ta sayar, kuma ya bunƙasa har ana buga sunanta a mujallun kasuwanci. Amma da aka bugo kati, sunan ƙanenta Kabir ne kawai a jiki a matsayin mai gayyata. Dalili? Wai ita ta yi aure, ta zama 'yar wani gida. Duk macen da aka taɓa ce mata "ke ai ta gidan wani ce" a lokacin da ake yanke shawara a gidan ubanta, za ta gane abin da ya soki Ayesha a wannan wuri.

Shi kuwa Kabir, wato Ranveer Singh, sunansa ne a kati, shi ne magajin kamfani, amma ko kaɗan kasuwanci ba ya gabansa. Abin da yake so a duniya shi ne tuƙin jirgin sama. Ke nan an ɗora kaya a kan wanda ba ya so, an hana wadda ta iya.

ME YA SA JIRGIN RUWA?

Daraktar fim ɗin, Zoya Akhtar, da abokiyar rubutunta Reema Kagti sun san abin da suke yi da suka kai labarin kan ruwa. A gida, idan uba da ɗa suka saɓa, ɗan zai ɗauki makullin mota ya fice majalisa, ya dawo bayan kowa ya yi barci. 'Ya mace za ta ce mijinta na kira, ta koma ɗakinta. Da haka ake shekara da shekaru ana kewaye magana ɗaya ba a taɓa ta ba. A jirgi kuwa babu wannan. Ɗakuna a jere suke, teburin cin abinci ɗaya ne, da safe a haɗu, da rana a haɗu, da dare a sake haɗuwa. Wanda ya yi zuciya ya tashi, iyakarsa ƙarshen jirgi, ya leƙa ya ga ruwa, ya dawo. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Sannan ga baƙi. Da a ce su huɗu ne kawai suka tafi, wataƙila da an yi faɗan an gama tun a rana ta biyu. Amma Kamal ya ɗebo abokan kasuwanci da matansu, da surukai, da ƙanensa da iyalinsa, kowa ido a buɗe. Don haka kowace magana sai an yi ta ƙasa-ƙasa, kowane ɓacin rai sai an shafa masa hoda. Tambayar da ta fi yawo a bakin iyayen daga farkon fim har kusan ƙarshensa ita ce abin da mutane za su ce.

Wani abin dariya shi ne wanda aka ba aikin ba da labarin. Karen gidan ne, mai suna Pluto, wanda shi ma aka tafi da shi. Shi ke kallon kowa yana sharhi a kan halin ɗan Adam, yana mamakin yadda aka ba mutane baki da harshe amma sun kasa gaya wa juna abin da ke ransu. Aamir Khan ne ya yi muryar, kuma an ɓoye wannan har sai da fim ɗin ya fito, 'yan kallo suka riƙa zungurar juna a silima suna cewa kamar sun san muryar nan. Kalaman karen kuwa Javed Akhtar ne ya rubuta su, mahaifin daraktar.

AUREN JARI

Ashe gayyatar ma da biyu aka yi ta. A cikin baƙin akwai wani attajiri, Lalit Sood, mai 'ya ɗaya tilo, Noorie. Lissafin Kamal shi ne, idan Kabir ya auri Noorie, ubanta zai zuba kuɗi a Ayka, kamfani ya farfaɗo. Neelam ma da saninta. Da Kabir ya nuna turjiya, sai aka taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi: gidan suna da ƙaramin jirgin sama da ake shirin sayarwa saboda matsin da ake ciki, aka ce masa in ya yarda da maganar, jirgin zai zauna.

Masu kallon finafinan Hausa ba baƙi ba ne a wannan fage, domin auren dole da auren haɗi sun fi komai yawa a labaran da ake yi a Kano da Kaduna. Bambancin shi ne, a nan namiji ne aka sa a kasuwa, kuma ba a yi masa tsawa ko barazanar tsinuwa ba, cinikinsa aka yi da abin da yake ƙauna. Kabir ya karɓi tayin da wayo. Ya gano cewa ita ma Noorie tana da wanda take so a cikin jirgin, wato Rana, ɗan Vinod Khanna, babban abokin gabar ubanta. Sai suka ƙulla cewa za su yi kamar sun amince, a sa rana, a sa hannu a takardun kuɗi, daga baya a fasa.

Ana cikin haka sai Kabir ya haɗu da Farah Ali, wadda Anushka Sharma ta fito a matsayinta. Ma'aikaciyar jirgin ce, tana cikin masu rawa a dandalin nishaɗantar da fasinjoji, yarinyar da ta bar gida ta kama sana'ar da take so, take ci da kanta. Ganin ta ne ya sa Kabir ya fara jin kunyar kansa, ga shi namiji har namiji amma ko takalmin ƙafarsa da kuɗin ubansa aka saya. Matsala biyu ke nan: ita Musulma ce, gidan su Kabir kuwa Hindu ne, sannan dokar aikinta ta hana soyayya da fasinja.

Ita kuwa Ayesha tata damuwar ta fi nauyi. Iyayenta ne suka zaɓa mata miji, Manav, wanda Rahul Bose ya fito a matsayinsa. Ba mashayi ba ne, ba mai neman mata ba ne, yana da kuɗi da mutunci a idon jama'a. Sai dai babu abin da ya haɗa su, kuma shi da mahaifiyarsa, tsohuwar jaruma Zarina Wahab, sun ɗauki Ayesha tamkar wata kadara ta gida. Kowa na tambayar yaushe za ta haihu, ita kuwa a ɓoye tana shan maganin hana ɗaukar ciki, saboda ta san zuciyarta ba ta cikin auren.

Sai ga Sunny Gill ya shigo jirgi a tsakiyar tafiya. Farhan Akhtar ne ya hau rol ɗin. Ɗan manajan Kamal ne, tare suka tashi da Ayesha, kuma sun so juna. Da Kamal ya lura, sai ya biya masa kuɗin karatu a Amurka, kowa na yaba alherinsa, alhali nesanta shi yake so ya yi kafin ya aurar da 'yarsa ga ɗan masu kuɗi. Yanzu Sunny ya dawo a matsayin ɗan jarida. Akwai fitowar da har yau ake yawo da ita a intanet, inda Manav ke bugun ƙirji a gaban mutane cewa shi wayayye ne tunda ya ƙyale matarsa tana kasuwanci, Sunny kuma ya tambaye shi dalilin da zai sa a ce sai ya ƙyale ta. Wurin ya yi tsit.

RANAR DA AKA FASA ƘWAI

Da Ayesha ta buɗe baki ta ce saki take so, ba mijin ne ya fi tayar da hankali ba, iyayenta ne. Kamal ya nuna mata ƙarara cewa in ta kashe aurenta kada ta sa ran dawowa gidansa. Neelam, wadda ake zaton za ta fahimce ta, ita ma haƙuri ta ce a yi, kowace mace da haka take zaune. Uwar miji kuwa ta ɗauki wuƙa a kan tebur tana barazanar yanka hannunta, sai Kabir ya tuna mata cewa ta shafa bota ce ta ɗauka. Haka fim ɗin yake, ana cikin ɓacin rai sai a jefo abin dariya, kamar dai yadda rigimar gida take a zahiri.

Wanda ya kalli fim ɗin da natsuwa zai ga cewa Neelam ce ta fi kowa ban tausayi. Mijinta na yi mata gorin ƙiba a gaban mutane, ta san yana neman mata a waje, ta kuma san ƙawayenta sun sani. Akwai fitowar da ta shiga ɗaki ita kaɗai, ta tsaya gaban madubi tana cusa kek a baki da hannu, idonta cike da ƙwalla, ba ta ce uffan ba. Wannan fitowa ba ta fi 'yan daƙiƙoƙi ba, amma ita ce mutane da yawa suka fi tunawa a fim ɗin. Matar da ta shekara 30 tana haɗiye magana ita ce ke gaya wa 'yarta ta haɗiye tata.

Asiri ya gama tonuwa ne ranar da Kamal ya yi kiciɓis da Noorie tare da Rana. Nan take ya yanke jiki ya faɗi, kowa ya ɗauka ciwon zuciya ne, aka yi kansa a guje. Da likita ya duba, ashe iska ce ta taru masa a ciki. A ɗakin jinyar nan, su huɗu kawai, babu baƙo ko ɗaya, Kabir ya faɗi abin da aka shekara ana kewayewa. Ya ce ba zai auri Noorie ba, ba ya son kamfani, kuma yana son Farah. Da aka fara yi masa wa'azin darajar aure, sai ya tambayi iyayen wane aure suke nufi, nasu da kowa ya san yadda yake? Ya fito da maganar matan da uban ke bi, ya kuma ce uwar ta zauna ne kawai don ba ta da wurin zuwa.

Magana ce mai zafi, kuma ba kowane mai kallo ne zai ji daɗin ganin ɗa yana gaya wa mahaifinsa haka ba. Amma daga wannan ɗaki ne abubuwa suka fara gyaruwa. Kamal ya dubi matarsa da idon da ya daɗe bai dube ta da shi ba. Bayan nan kuma ya ga Manav ya damƙi hannun Ayesha da ƙarfi yana jijjiga ta, sai uban da ya ce ba ta da wuri a gidansa ya shaƙo surukin ya haɗa shi da bango, ya ce ya cire hannunsa daga jikin 'yarsa. A nan ne ya nemi gafararta.

Ƙarshen fim ɗin na Indiya ne sosai. An kori Farah daga aiki an sauke ta a tashar ruwa, jirgi ya tashi, Kabir ya rasa yadda zai yi ya sauka, sai ya yi tsalle ya faɗa teku, don ya san dole a tsamo shi. Uba da uwa da yaya suka sauke ƙaramin jirgin ceto ba da izinin kowa ba, suka bi shi, har da Pluto. Ma'aikatan jirgi na bin su a baya, su kuwa suna ta dariya. An taso da ɗaruruwan mutane a katafaren jirgi don a burge duniya, an ƙare da mutum huɗu da kare a cikin ɗan kwale-kwale, kuma a nan ne aka fara ganin su kamar 'yan gida ɗaya. Sai dai a tuna wannan fim ne. A zahiri faɗawa teku daga saman irin wannan jirgi kamar faɗowa ne daga bene mai hawa da yawa, kuma da yawan waɗanda suka faɗa ba a samun su da rai.

YADDA AKA YI AIKIN

Fim ɗin kansa aikin 'yan gida ɗaya ne. Zoya ce darakta, ƙanenta Farhan ya rubuta maganganun 'yan wasa, ya fito a ciki, kuma shi da abokinsa Ritesh Sidhwani ne furodusoshi a ƙarƙashin kamfaninsu Excel Entertainment. Mahaifinsu Javed Akhtar, wanda shi da Salim Khan suka rubuta Sholay na 1975, shi ya rubuta waƙoƙin. Kiɗa kuwa na mutum ukun nan ne da ake kira Shankar-Ehsaan-Loy. Sunan fim ɗin ma daga wata waƙa aka ɗauko shi ta cikin fim ɗin Zoya na baya, Zindagi Na Milegi Dobara na 2011, kuma mai ɗaukar hoton wancan fim, Carlos Catalan ɗan ƙasar Sifen, shi aka sake ɗauka.

Ba a gina jirgin ƙarya a situdiyo an ce ga teku ba. A watan Mayu na 2014 'yan wasa da ma'aikata suka tattara suka nufi Barsalona, suka shiga wani jirgin shaƙatawa na gaske mai suna Sovereign, na kamfanin Pullmantur na ƙasar Sifen. Sun yi makonni a cikinsa yana zagayensa tsakanin Sifen, Faransa, Italiya da Tunisiya, sannan aka wuce Turkiyya aka ɗauki fitowar kan tudu, ciki har da birnin Istambul. Ke nan abin da ya sami iyalin Mehra a labari ya sami 'yan wasan ma, domin an tashi aiki babu mai tafiya gida, a jirgin za a kwana, a jirgin za a karya.

Shi kansa jirgin yana da tarihi. A garin Saint-Nazaire na Faransa aka ƙera shi, ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairu na 1988 da sunan Sovereign of the Seas, a hannun kamfanin Royal Caribbean. Tsawonsa mita 268, yana ɗaukar fasinja fiye da 2,000, kuma a lokacin da ya fito ana lissafa shi a matsayin jirgin shaƙatawa mafi girma a duniya. A 2008 ya koma hannun Pullmantur.

Abin da ya fi jawo magana a wajen ɗaukar fim ɗin shi ne waƙar Gallan Goodiyaan. An ɗauke ta ne a tashi ɗaya, kyamara ba ta tsaya ba, ba a yanka ba, daga farko har ƙarshe, kusan minti biyar. Duk manyan 'yan wasan da ƙananan suna ciki, kyamara na kutsawa tsakaninsu daga wannan rukuni zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshin ya san abin da wannan ke nufi: mutum ɗaya ya yi kuskuren taku, ko ya kalli kyamara, sai a koma farko. Bosco da Caesar ne suka tsara rawar. Waƙar da ke ɗauke da sunan fim ɗin kuwa Priyanka da Farhan ne suka rera ta da bakinsu.

'YAN WASAN

Anil Kapoor, wanda aka sani tun zamanin Mr. India na 1987, Tezaab na 1988 da Ram Lakhan na 1989, yana da shekara 58 lokacin da fim ɗin ya fito. Mutum ne da aka sani da ƙin tsufa, amma a nan ya yarda aka mayar masa da gashi fari fat, ya fito uban manyan yara. Bai yi asara ba, domin rol ɗin ya ba shi kambun Filmfare na jarumi mai tallafawa a 2016. Shefali Shah ma an sa sunanta a takarar mata. Wani abin mamaki, tazarar shekarun da ke tsakaninta da Priyanka, wadda ta fito a matsayin 'yarta, ba ta wuce 10 ba. Da ma ta saba, don a Waqt na 2005 ta fito matar Amitabh Bachchan kuma uwar Akshay Kumar, alhali Akshay ya girme ta.

An sha ruwaito cewa da farko Ranbir Kapoor da Kareena Kapoor aka so su fito a ƙane da yaya, kasancewar su 'yan wa da ƙane ne a zahiri, amma abin bai yiwu ba. Da rol ɗin ya faɗo kan Ranveer da Priyanka sai aka samu wani abin ban dariya. A 2014 sun fito masoya a Gunday, a tsakiyar 2015 suka zama yaya da ƙane a wannan fim, kafin shekarar ta ƙare kuma suka fito miji da mata a Bajirao Mastani. Ranveer da Anushka kuwa wannan ne haɗuwarsu ta uku, bayan Band Baaja Baaraat na 2010 da Ladies vs Ricky Bahl na 2011.

INDA AKA YI ƘORAFI

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu sun ce fim ɗin ya yi tsawo, don ya kusa awa uku. Wasu sun ce surutun Pluto ya yi yawa, yana fassara abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne wai matsalar masu kuɗi ce, ina ruwan talaka da wanda damuwarsa ita ce kada a sayar masa da jirgin sama? Sannan akwai shan giya da shigar da ba ta dace da tarbiyyar Bahaushe ba, don haka ba fim ba ne da za a kunna a tsakar gida yara na zaune.

Amma batun cewa na masu kuɗi ne kawai, da sake. A cire jirgin, a cire Bahar Rum, a sa gidan gado a lokacin hutun Sallah ko wani biki, 'ya'ya sun taho daga Abuja, Legas da Yamai da matansu da mazajensu, an cika gida kwana uku ko huɗu. A irin wannan zama ne ake tayar da maganar wane ya ƙi aure, wance ta ƙi haihuwa, wane ya ƙi kama sana'ar gida. Mai gida na ganin tunda shi ya tara su, shi ya ciyar, to maganarsa ce ƙarshe. Su kuma sun zo da girmamawa, amma kowa da rayuwar da ya gina a wani wuri. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren Kamal Mehra shi ne ya zo tanƙwara wanda ya riga ya bushe, da kuɗi a hannu ɗaya da tsoron bakin mutane a ɗaya hannun.

Fim ɗin bai ce 'ya'ya su raina iyaye ba. Ayesha ta shekara da shekaru tana biyayya har ta kusa rasa kanta, Kabir ma bai buɗe baki ba sai da tura ta kai bango, kuma da ya faɗa ruwa iyayen nan dai su ne suka fara bin sa. Abin da ya nuna shi ne, uban da ya gayyaci ɗan da ya girma, baƙo ya gayyata mai ra'ayin kansa, kuma zaman zai yi daɗi ne idan an tambaye shi abin da yake so kafin a gaya masa abin da aka yanke. Su ma samari da 'yan mata masu kallo akwai nasu kason. Kabir bai sami bakin magana ba sai da ya yarda zai iya rasa jirgin saman da kujerar kamfanin, Ayesha kuwa ta iya tsayawa ne saboda tana da sana'ar da za ta riƙe ta.

Jirgin da aka yi duk wannan a cikinsa dai yanzu babu shi. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da harkar jiragen shaƙatawa cak, kamfanin Pullmantur ya karye, aka kai Sovereign garin Aliaga da ke gaɓar tekun Turkiyya, ƙasar da aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin, aka yanyanka shi aka sayar da ƙarfen. Wanda ke son ganin yadda cikinsa yake, da dandalin da aka yi rawar Gallan Goodiyaan, sai ya nemi Dil Dhadakne Do ya kalla.